Shekarar da Muka Yi wa Kifi Rakiya

Bana ruwa ya yi mana jinkiri a Abuja. Har watan huɗu ya raba sama tana nan fes, ko ɗigon hadari babu. A rumfata ta kasuwar Gudu, inda nake sayar da bandar kifi, kwano yana fara ƙara tun ƙarfe goma, in azahar ta yi kuwa ruwan leda ma ya isa a haɗa shayi da shi. Cikin wannan zafi ne wata yarinya ta zo mini, ma'aikaciyar gwamnati, da littafi a hannu da takalmin roba har gwiwa.

"Hajiya, sannu da kasuwa. An ce kin daɗe a yankin nan. Muna aikin share rafin da ke bayan gadar can, muna so mu mayar masa da kifinsa na asali. Don Allah wane irin kifi ne a cikinsa a da?"

Na dube ta, na dubi kifin da ke gabana. Duk na kiwo ne, a tankin siminti ya tashi da abincin buhu, bai taɓa sanin laka ba. Na lissafa mata tarwaɗa da karfasa da ƙurungu da kawara. Ta rubuta, ta yi godiya, ta tafi. Ni kuwa ta bar ni da abin da ba ta tambaya ba, na wuni ina juya shi a raina har wani ya sayi kifi na manta ban ƙulla masa yaji ba.

Ina da shekara ashirin ko kusa da haka lokacin da na fara ganin rafin nan. Ni 'yar arewacin Katsina ce, inda kifi sai busasshe a kwando. Malam, maigidana, ya zo aikin lebura ana tsakiyar gina birnin nan, ya ɗauko ni da 'yarmu Ummi tana goye. Duk inda gidajen nan masu gilashi suke yanzu gonakin doya ne da duwatsu da ƙauyukan Gbagyi, waɗanda mu muke ce wa Gwarawa. Muka kama ɗaki a gidan wata tsohuwa, Mama Tani, gajera, baƙa wuluk, mai ƙarfi kamar ƙatti biyu. Ranar Lahadi tana zuwa coci, sauran kwanaki shida kuwa tana bakin rafi. Hausarta irin ta nan ce, kowa "kai" ne a wurinta, ni da Malam da akuyarta.

Daminar da ta gabata ta ɗauke da wuri, doya ba ta yi ba, dawa ta tsaya a kara. Sai kuma kamfanin da Malam yake wa aiki ya tsayar da gini, aka ce kowa ya jira. Kafin bazara ta kankama rumbunan ƙauyen sun koma ɗakin ɓeraye. Da asuba mu tafi rafi mu tona yashi, mu zauna muna jiran ruwa ya tsatso kaɗan-kaɗan, mu kwasa da ludayi. Mu dawo mu dama kunu tsararo wanda kana hango gindin ƙwarya ta cikinsa. Da rana a jiƙa garin ɗorawa a sha. Da yamma in an samu rogo a yi tuwo da miyar kuka wadda ko daddawa ba ta gani ba. Duwatsu suna ɗaukar zafi su riƙe har magariba, in ka taka da ƙafa ba takalmi sai ka yi rawa ba kiɗa.

Ni yunwata ba ta dame ni kamar ta Ummi ba. Nonona ya janye. Yarinyar da take rarrafe har bakin ƙofa tana jan wutsiyar akuya ta koma kwance, wuyanta ya yi siriri, kukan ma ta rage shi. Da a gida ne, da yake 'yar fari ce, sai in yi kawaici in bar wa kakanni, amma a nan ba ni da kowa, kunya ta ƙare. Tsoro nake ji ƙwarai, ina kasa kunne a ƙirjinta sau goma a wuni.

Rafi kuwa ya daina gudu. Ya tsinke ya zama kududdufai nan da can, kowanne yana ƙanƙancewa, kifi ya taru a ciki yana motsi a laka. Wata safiya Mama Tani ta buga mini ƙofa.

"Maman Ummi, ka ɗauko masaki. Yau rakiya."

Ban san wa za a raka ba. Da na ga matan ƙauyen kaf sun nufi kududdufai da manyan ƙore, sai zuciyata ta yi fari, na ce yau Allah Ya kawo rabon kifi. Muka shiga laka har gwiwa muna kwasa da hannu da kwando. Ƙurungu ya soke ni a yatsa ban ko ji ba. Sai na ga kowace mace tana zuba ruwa a masakinta kafin ta sa kifi, tana lallaɓa shi kamar ƙwai. Na tambayi wadda ke kusa da ni, ta nuna mini sama da rafi, can gindin wani dutse inda itatuwa suka yi duhu.

"Gurbi za mu kai su. A can za su zauna sai ruwa ya sauka."

"Mu kai su mu zuba? Da ransu?"

"Da ransu mana."

Wallahi na ji kamar ta mare ni. Mutane suna shan garin ɗorawa, yara suna kwance, ga nama a hannu, a ce a ɗauke shi a kafaɗa a kai shi ruwa mai sanyi ya huta. A raina na ce lalle mutanen nan rana ta taɓa su.

Mama Tani tana tsaye a tsakiyar laka, duk babbar tarwaɗar da aka kama sai an miƙa mata ta juya ta ta dubi ƙarƙashin cikinta. Ta ɗauki wata doguwa siririya ta saka a masakina ita kaɗai, ta tsinko ganyen malmo ta ɗora a kan ruwan, aka kira ta wani wuri ta juya. A garinmu in an ɗora ganye a kan ruwa don kada ya yi ta zuba ne a hanya, don haka ban kawo komai a raina ba. Muka jera. Su a kafaɗa suke ɗaukar kaya, suna tafiya sumul, ni kuwa da nawa a ka, kifi yana bugun masaki ruwa yana yi mini wanka, suna ta dariya.

A rabin hanya aka sauke don a huta. Masakin da ke kusa da nawa akwai wata tarwaɗa a ciki, ƙatuwa, cikinta ya yi tulu. Mai shi ta zaga bayan dutse. Ban tsaya shawara da kowa ba, har da zuciyata. Na musanya siririyar da ƙatuwar, na mayar da ganye, da aka tashi na yi ta jan ƙafa har na zama ta ƙarshe, na saɓa hanya na nufi gida.

Da na tsaga cikinta sai ƙwai ya zubo, kore-kore, ƙanana kamar gero, ya cika tafin hannuna biyu har yana zuba. Na tsaya kallonsa na ɗan lokaci, sannan na zuba shi a tukunya. Na ɗura wa Ummi romo da cokali, ta sha, ta lashe baki. Na ci, na ajiye wa Malam. Ba zan yi ƙarya ba, a lokacin ban yi nadama ba ko kaɗan.

Da la'asar Mama Tani ta shigo, laka ta bushe mata har cinya. Ta ji ƙamshi ta yi murmushi, ta buɗe tukunya. Murmushin ya tafi. Ta sa yatsa ta ɗebo ƙwan da ya dafe, ta zauna a kan turmi.

"Ina wanda na ba ka?"

Na ce na musanya shi a hanya.

"Namiji na ba ka. Masaki mai ganye gida yake zuwa, na mai goyo ne. Kowa ya ga ka juya, ba wanda ya kira ka, don naka ne. Wannan kuma mace ne. Kifin damina guda ka dafa a tukunya ɗaya."

Ashe abin da na sata an riga an ba ni. Ashe tsohuwar nan tana kallon wuyan Ummi kamar yadda nake kallonsa. Na durƙusa na ce, "Mama, ki yafe mini, ban sani ba." Ta ce ita ba ta da abin yafewa, gurbi na yi wa laifi, gurbi zan yi wa aiki. Daga gobe ni ce mai gadi, daga asuba har rana ta karya.

Haka na san gurbin. Wani rami ne mai zurfi a gindin dutse, malmo da tukurwa sun rufe shi, ruwansa baƙi, in ka shiga inuwar sai ka ji kamar an sauya maka gari. Yanzu an cike wurin da ƙasa, wurin wankin mota ne a kai, nakan wuce ta gabansa a tasi. Aikin gadi ba zama ba ne. Da asuba kifi yake tasowa sama gaba ɗaya yana haki, bakuna dubu a buɗe, sai mu shiga gefe mu yi ta dukan ruwa da reshen tukurwa har ya samu iska ya koma ƙasa. Da hantsi a saro rassa a jera ta gefen da rana take bugawa. Da rana a kori zalɓe da shirwa. Wanda ya gaza ya juya ciki sama a tsame shi a kai wa tsofaffi. Bayan kwana uku-uku Mama Tani takan zaɓo namiji ɗaya ta ɗora ganye ta miƙa wa mai goyo, mu huɗu ne a ƙauyen. Da wannan romon Ummi take riƙe, ba ta ƙaru ba, ba ta kuma tafi ba.

Kullum da safe Mama Tani takan ja layi da gawayi a jikin dutse daidai bakin ruwa. Kullum layin yau yana ƙasa da na jiya. Na daina ƙirga su don suna hana ni cin abinci, abincin da ma babu shi.

Ranar da maza suka zo rana tana tsaka. Su kusan ashirin, na ƙauyen da leburorin da ke zaman jira, da tarun kamun kifi, wani kuma riƙe da galan na maganin ƙwari wanda in an zuba a ruwa kifi yake tasowa duka. Malam yana cikinsu. Wanda ke gaba ya yi magana da ladabi, kuma maganarsa ba ta banza ba ce.

"Mama, ki duba da idonki. Ruwan nan ba zai kai kwana goma ba. In suka mutu suka ruɓe, ba mu ci ba, ba su rayu ba. Yaranmu fa?"

Mama Tani ba ta yi musu da shi ba. Ta gyara ɗaurin zanenta, ta taka cikin gurbi a hankali, ruwa ya kai mata gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai wuya. Ta juyo.

"To, ku zuba."

Matan da ke wurin suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Ni ban iya ruwa ba, kuma ga Malam yana kallona. Na kwance Ummi na kwantar da ita a inuwa, na shiga. Abin da na ji a cikin ruwan nan har gobe ban samu bakin faɗarsa daidai ba. Ban taka ƙasa ba, kifi na taka. Ta ko'ina jiki ne mai santsi yana gogar ƙafafuna, yana bi ta bayan gwiwata, yana tura ni a ciki, manya da ƙanana, ba wurin da babu motsi. Duk rayuwar rafi mai tsawon tafiyar wuni ta taru a ramin da bai fi tsakar gidanmu ba, tana numfashi, tana jira. Na ji bakina yana cewa Subhanallahi ba tare da na sa shi ba.

"Ke, fito," in ji Malam.

"Malam, ka yi haƙuri, ba zan fito ba."

Tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa ce masa a'a ba sai ranar. Ya dube ni, ya dubi Ummi a inuwa, ya sunkuyar da kai. Mai galan ya tsaya yana jujjuya marfi, sai wani dattijo ya karɓe daga hannunsa. Suka juya suka tafi. Malam ne kaɗai ya tsaya, ya ɗauki yarinyar ya riƙe ta har na fito. Kwana biyu bai yi mini magana ba.

Daga nan sai sama ta fara yi mana wasa da hankali. Hadari ya haɗu a gabas baƙi ƙirin, iska ta taso ta kwashe shanya, mu fito da tukwane, sai ya watse ya bar mu da zafin da ya fi na da. Sau uku ana haka. Ruwan gurbi ya koma kamar kunu, ya fara wari. Wata safiya muka tsame matattu cike da kwando biyu. Ranar Mama Tani ba ta ba kowa ganye ba, ta ce waɗanda suka rage ba su da ƙarfin da za a taɓa su. Ummi ta wuni ba ta buɗe ido sosai ba. Na zauna a bakin ruwan ina tunanin ko mazan nan ne suke da gaskiya, ko na sayar da 'yata ne saboda kifi.

Washegari da la'asar iska ta tsaya cik. Tsuntsaye suka yi shiru. Sai wani ƙamshi ya zo daga nesa, ƙamshin ƙasa da ta jiƙe, kafin mu ankara ɗigo ya faɗo a kan dutse ya yi tururi. Sannan sama ta ɓalle. Ba mu gudu ba. Muka tsaya a cikinsa, tsofaffi da yara, Kirista na kiran Allah, Musulmi na kiran Allah, Mama Tani kuwa ta zauna dirshan a laka tana dariya ruwa na shiga mata baki. Aka kwana ana yi.

Da gari ya waye na buɗe ƙofa, sai na ga ƙasa tana tafiya. Rafi ya cika ya haura, ruwa ja iya idon sawu ya malale fadama da kwarin kunyoyin doya har tsakar gidanmu, kuma cikinsa tarwaɗa ce take hawowa. Ɗaruruwa. Bayansu a waje yana ƙyalli, suna jan ciki a kan ciyawa, suna tsallake kunya, in ruwa ya yanke su bi ta kan laka da ƙirji har su sake samunsa. Ƙarar fantsamarsu kamar mata suna wanki a rafi. Kifin da jiya yake haki a rami yau shi ne yake ratsa gona yana neman inda zai zuba ƙwai. Mutanen ƙauyen suna tsaye a kan duwatsu da yunwarsu, ba wanda ya miƙa hannu, don a al'adarsu sai an kwana uku da hawan kifi ake taɓa shi.

Wata babba ta ɓata hanya ta maƙale tsakanin turmi da bangon ɗakinmu, tana bugun ƙasa. Malam ya fito ya tsaya a bayana. Ummi tana goye, ba nauyi, kamar na goya zane. Ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ba wanda ya gani."

Na sunkuya na kama ta da hannu biyu, na juya ta kamar yadda na ga ana yi. Cikinta taushi, cike. Ina jin bugun ranta a tafin hannuna, ina jin numfashin 'yata a bayana. Hawaye suna zuba na ɗauke ta na fita da ita bayan gida na sake ta cikin ciyawa. Ta yi jim, ta kaɗa jela, ta bi 'yan'uwanta. Malam ya ɗauki fartanya ya buɗe wa ruwan tsakar gida hanya don kada wata ta sake maƙalewa.

Kwana ukun nan sun fi mini duk bazarar tsawo. Da tafasa da ta fara tsirowa da ruwan kunu muka ja su. Rana ta huɗu aka buɗe kamu, kifi yana komowa rafi fayau, aka kama wanda aka kama, hayaƙi ya tashi a kowane gida. Nonona ya dawo har yana jiƙa riga.

Bayan kamar wata guda muna wanki a gefen fadama ni da Mama Tani, na zaunar da Ummi a inda ruwa bai fi tafin hannu ba. Duk gefen ciyawar ya yi baƙi da 'ya'yan kifi, ƙanana kamar tsinken tsintsiya, suna tafiya tare suna juyawa tare. Ina cikin matse zane Mama Tani ta taɓa ni da gwiwar hannu. Na waiga. Ummi ta dafa dutse ta miƙe, ta saki, tana tsaye da ƙafafunta a karo na farko, tana tangaɗi. 'Ya'yan kifin suka watse, suka dawo suka kewaye sawunta, ita kuma tana ƙyalƙyala dariya tana son kama su.

"Maman Ummi," in ji tsohuwar, "naka ya rayu, nawa ma ya rayu."

Zanen da nake matsewa ya suɓuce ya bi ruwa, muna kallo, ba wadda ta tashi ta bi shi.